A Ɓoye Kyamarar Garke, A Kuma Kama Baki

Daga Gurda, Sabha

 A wannan fitowa ina so in ja hankalinmu ne a kan wata 'yar na'ura da ta fara shiga hannun mutanenmu, wato ƙaramar kyamarar nan da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ake ɗaurewa a jikin itace ko a bango, ta riƙa ɗaukar hoto da kanta duk lokacin da mutum ko dabba ya gitta ta gabanta, ko da dare ko da rana. Wasu suna ce mata kyamarar daji, wasu kuma kyamarar maharba, domin maharban Amurka da Turai su suka fi amfani da ita wajen gano hanyar da namun daji suke bi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, ƙorafin da ke zuwa mana a ƙungiya ya sake kama. A da mutum yakan zo ya ce an sace masa raguna. Yanzu kuwa sai ya zo ya ce an sace masa raguna, an kuma haɗa da kyamarar da ya sa ta tsare ragunan. Idan ka tambaye shi ina ya kafa ta, sai ya ce a bakin ƙofar garke, daidai tsayin fuskar mutum, inda kowa zai gani ya ji tsoro. To jama'a, ra'ayina a nan a fili yake: kyamarar da ɓarawo ya gani ta riga ta zama tasa. Amfaninta duk yana cikin ɓoyuwarta, kuma ɓoyuwar nan iri biyu ce, a ɓoye ta ga ido, a kuma ɓoye labarinta ga kunne.

HALIN DA MUKE CIKI

Ga wanda bai san Sabha ba, ita ce babban birnin yankin Fazzan a kudancin Libiya, sama da kilomita 700 daga Turabulus. Nan ne hanyar Agadas da ta biyo ta Dirku da Madama da Tummo da Gatrun take sauka, kuma ta wannan hanya ce raƙuman Ngigmi da na ƙasar Agadas suka daɗe suna shigowa kasuwannin Libiya. Gurda kuwa unguwa ce da baƙi 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa a cikinta. Da yawa daga cikinmu ba mu da gona ko garke na kanmu. Aikinmu kiwo ne da gadi a gonakin 'yan ƙasa da ke kewayen gari, waɗanda suke kira mazra'a, wasu kuma dillanci, wasu turken raguna don Babbar Salla.

Tun daga 2011 da gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamai suka watsu a hannun jama'a, kudancin ƙasar nan ya sha fama da fashi da sace mutane da sace dukiya. Ko a lokacin da gari ya lafa, ɓarawon dare bai ajiye sana'arsa ba, musamman idan Salla ta matso, rago ya yi kuɗi.

Amma abin da ya fi asarar dabba ciwo shi ne zargi. Duk ranar da aka wayi gari tumaki goma ba su a garke, wanda ake fara kallo shi ne makiyayin da aka ɗauka aiki. Baƙo ne, ba shi da dangi a kusa, sau da yawa kuma ba shi da takardar zama. Dokar Libiya mai lamba 19 ta shekarar 2010 ta tanadi ɗauri ko tara, sannan kora, ga wanda ya shigo ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, saboda haka irin wannan bawan Allah ba zai iya zuwa gaban hukuma ya kare kansa ba. Sai a riƙe masa albashin watanni, ko a kore shi hannu rabbana, sunansa kuma ya ɓaci a wajen sauran masu gonaki. Hoto ɗaya mai kwanan wata, wanda ya nuna mota ta tsaya a bayan shinge da tsakar dare, ya isa ya wanke shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa makiyayi mai gaskiya ya fi mai dabbobin ma buƙatar kyamarar nan ta kwana lafiya a inda aka sa ta.

YADDA TAKE AIKI

Ba a iya ɓoye abin da ba a san halinsa ba. Wannan dabara ta tsufa. Tun wajen 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras yake ɗana igiya a daji, dabba ta taɓa, kyamara ta ɗauke ta da dare, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. A kusa da mu ma, a 2010, masu binciken namun daji sun sami hoton wata irin damisar sahara mai tsananin gudu a dutsen Tarmit cikin Nijar, dabbar da mutum kan shekara a wurin bai sa ta a ido ba. Abin da ya kama dabba mai wayo haka zai kama ɓarawo, in dai an bi ƙa'idarsa.

Ta zamani tana da abubuwa uku a fuskarta. Akwai idon ɗaukar hoto. Akwai wani ido mai jin ɗumin jiki, wanda shi ke tayar da ita idan abu mai ɗumi ya motsa, galibi daga nisan mita 15 zuwa 20. Akwai kuma ƙananan fitilu masu wani irin haske da ke ba ta damar gani cikin duhu. A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Fitilun iri biyu ne. Wanda aka rubuta wa lamba 850 yakan yi ɗan ja-ja kamar garwashi lokacin da yake ɗaukar hoto, mai lura zai hango shi. Wanda aka rubuta wa 940 idon mutum ba ya ganinsa, ko da yake haskensa bai kai na farkon nisa ba. Mai gadin garke 940 ya kamata ya nema. Haka kuma a kashe duk wata fitila ko ƙara da take yi don nuna tana aiki.

Yawancinsu suna cin ƙananan batura takwas, suna kuma ajiye hotuna a katin memori da ke cikinsu. Wasu ana sa musu layin waya, su aiko da hoton nan take zuwa wayar mai ita. Wannan ta fi tsada, amma ko an sace ta hoton ya riga ya fita. Sai dai kafin ka biya, ka tabbata tana karɓar layin Libyana ko Almadar, domin wasu da ake kawowa daga Amurka an kulle su a kan layukan can, ka kuma tabbata akwai sabis a wurin da za ka kafa ta.

Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne zafi yana rage mata ji. Tunda ɗumin jiki take bi, idan iska ta yi zafi kusa da zafin jikin mutum, kamar yadda bazarar Fazzan ke wuce digiri 40, to nisan da take ji yakan ragu. Saboda haka kada a kafa ta nesa da hanya ana dogara da abin da aka rubuta a kwali.

MASU CEWA A BAR TA A FILI

Na san wasu dattawanmu suna da wani ra'ayi dabam, kuma ba maganar banza suke yi ba. Sun ce rigakafi ya fi magani, gara ɓarawo ya ga kyamara ya fasa, da a bar shi ya kwashe dabbobi a zo ana kallon hoto. Sukan kawo misali da kantunan cikin gari, inda kyamara take a fili kowa yana gani.

Amsata ita ce, ta kanti da ta garke ba ɗaya ba ne. Ta kanti waya ce ta haɗa ta da wata na'ura da ke kulle can cikin ɗaki, ko ka fasa ta hotonka yana nan. Ta garke kuwa shaidarta a cikinta take. Wanda ya ɗauke ta ya ɗauke mai shaida da shaidar gaba ɗaya, kuma igiyar da aka ɗaure ta da ita wuƙar aljihu ke yankewa. Akwai akwatin ƙarfe da kwaɗo da ake sayarwa dominta, yana hana yara da masu ɗauke-ɗauke, amma wanda ya zo da mota da bindiga don kwasar garke, kwaɗo ba zai tsayar da shi ba. In ya ga ba ta ɓalluwa, ya shafa mata taɓo ko ya sa dutse.

Na biyu, a ƙasar da kowa ke naɗa rawani, kyamarar da ke fili tana koya wa ɓarawo ya ja amawali ne kawai, ya sake hanya. Mutum yakan saki jiki ne a inda ya ɗauka babu mai ganinsa. Nan ne zai sauke rawani, ya kunna taba, ya matso da motarsa kusa.

Hanya ɗaya ce na yarda a bar kyamara a fili, wato a sa matacciya ko mai arha a bakin ƙofa ta zama tarko, sannan a ɓoye ta gaskiyar a wani wuri tana kallonta. Ɓarawo ya ɓalle waccan, hankalinsa ya kwanta cewa ya gama da ido, wannan kuwa tana ɗaukarsa. Ta haka an sami tsoratarwar da dattawa suke so, an kuma sami shaida.

INDA ZA A SA TA

Na farko, kada a sa ta cikin garke tana kallon dabbobi. Motsinsu zai cika katin ya cinye batir cikin 'yan kwanaki, akuya ta tauna igiyar, raƙumi kuma ya goga wuyansa ya karkatar da ita, don kuwa bakinsa yana kaiwa mita 3. A tsaya a yi tunani irin na ɓarawo: ta ina mota za ta iya matsowa, ina shinge ya yi rauni, ta wace kafa za a kora dabbobi waje. Nan ne wurinta, tsakanin mita 4 zuwa 8 daga inda mutum zai bi, domin da dare fuska ba ta fita sosai idan ta wuce haka.

Na biyu, a kauce wa tsayin ido. Mai tafiya da dare gabansa yake kallo da ƙasa, ba kasafai yake ɗaga kai ba. A ɗaga ta kamar mita 2 da rabi zuwa 3, a sa ɗan itace a bayanta ta sunkuyo. Kada kuma a wuce haka, don in ta yi sama da yawa tsakar kai za ta riƙa ɗauka, jinta ma ya ragu. In babu abin ɗagawa, a saukar da ita ƙasa cikin tarin duwatsu ko tsofaffin bulo.

Na uku, a karkata ta ga hanya, yadda mai wucewa zai gitta ta gabanta. Idon ɗumin ya fi saurin jin wanda ya ratsa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye. Fuskarta ta kalli arewa, in bai yiwu ba kudu. Wadda ta kalli gabas ko yamma, hantsi da la'asar za su wanke mata hoto, su kuma riƙa tayar da ita a banza. A nisanta ta daga injin ban ruwa da janareta saboda zafinsu, a kuma sare ganye ko ciyawar da iska za ta riƙa kaɗawa a gabanta.

Na huɗu, a sa ta cikin abin da ya daɗe a wurin. Gonakinmu na nan cike suke da maɓoya: tsakanin guntayen rassan da aka sare a jikin dabino, ramin bulo a katanga, ƙarƙashin kwanon rumfa, ƙafar tankin ruwa, tsohuwar taya da ke kan rufi, fasasshiyar jarka da aka rataye tun bara. Sabon abu shi ke jan ido. Idan jiya babu gwangwani a jikin wannan itace yau kuma ga shi, mai leƙen gari zai lura. Su kyamarorin nan launin dajin Turawa ake yi musu, kore da baƙi, wanda a cikin yashinmu yake fitowa fili. A shafa wa jikinta gam a barbaɗa yashin wurin ko zaren dabino, ban da idanun nan uku. Faffaɗar igiyar da take zuwa da ita kuwa a ajiye ta a gida, domin ita ake fara hangowa ta zagaye itace. Siririyar wayar ƙarfe mai tsatsa ta fi.

Na biyar, a kula da ƙyalli. Gilashinta yana mayar da hasken tocila. A ɗan shigar da ita cikin rami ko ƙarƙashin inuwa, amma kada ta nutse har bakin ramin ya tare fitilunta, in ba haka ba hoton dare zai fito fari fat. Farantin sola ma yakan tona asiri, don ana hango shi daga nesa, kuma wayarsa tana kai mutum har inda kyamara take. Gara batura masu kyau, musamman na litiyam, waɗanda suka fi jure zafi da sanyin hunturu. Idan an gama, a dawo da dare da tocila a bi hanyar kamar baƙo. Wanda ya hango tasa, ya san wani ma zai hango.

SAWU DA BAKI

Mu makiyaya mun fi kowa sanin cewa yashi ba ya rufa wa kowa asiri. Mutumin da zai dubi sawun taguwa ya gaya maka ko tana ɗauke da kaya, bai kamata a tuna masa cewa ɓarawo ma yana karanta ƙasa ba. Wanda ke zuwa gindin dabino ɗaya kullum don ya duba hoto, ya shata wa ɓarawo hanya da ƙafarsa. A duba ta jefi-jefi, cikin wani aiki da aka saba, kamar ban ruwa ko yankan ciyawa. A tafi da kati na biyu a musanya, a kalli hotuna a ɗaki. Kada a bar tsani a jingine a wurin. Bayan iskar gibli mai ƙura kuma a je a share mata ido da tsumma mai laushi.

Amma duk wannan wahala banza ce idan baki bai kamu ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma baki shi ke yanka wuya. Yawancin satar garke sai da wanda ya san lokacin da makiyayi ke barci, da daren da mai gona ba ya nan. Mutum ya sayi kyamara, ya zo majalisar shayi yana nuna hoton karen da ta ɗauka jiya. Duk mai hankali da ya ga hoton nan ya san daga wace kusurwa aka ɗauke shi, ya san itacen da take. Wani kuma ya tura a WhatsApp, daga nan ya shiga wayoyi ɗari. Shawarata ita ce waɗanda suka san wurinta kada su wuce mutum biyu. Yara ba a gaya musu, don za su je gabanta suna wasa. Kwalinta ma kada a yar a bakin gona.

Ga 'yan uwa masu aikin kiwo a gonar wani, ina roƙonku kada ɗayanku ya kafa kyamara a dukiyar mutum ba da saninsa ba. In ya tsince ta da kansa, ba zai ɗauka don tsaron dabbobinsa ka sa ba. Ka same shi ku yi magana, in ya yiwu shi ya saya, ku biyu ku san wurin.

IYAKAR DA BA A ƘETAREWA

Ɓoye kyamara don tsare dukiyarka daban, leƙen asirin mutane daban, kuma addininmu ya hana na biyun. Kada ta kalli gidan maƙwabci, ko wurin da mata ke zama, ko makewayi, ko ɗakin kwanan ma'aikata. Kada a kafa ta a rijiya ko mashayar da jama'a ke tarayya sai da yardar masu wurin. Sannan, wannan kuwa magana ce ta rai, kada ta kalli shingen bincike, ko barikin soja, ko hanyar da masu ɗauke da makamai ke bi. Baƙon da aka kama da ɓoyayyar kyamara mai hotunan motocin soja, ba wanda zai saurari bayaninsa na raguna.

IDAN AN SAMI HOTO

Kwana 99 na ɓarawo, ɗaya na mai kaya. To idan ranar mai kaya ta zo, nan ne ake buƙatar sanyin zuciya. Sabha gari ne da ƙaramin abu ke zama babbar wuta. A watan Maris na 2012 faɗa tsakanin Tubawa da Larabawan garin ya ci rayuka sama da 100. A Nuwamba 2016 kuwa, rigimar da ta taso saboda biri ya fizge ɗankwalin wata 'yar makaranta ta jawo kwanaki ana harbe-harbe tsakanin Aulad Sulaiman da Gadadfa, aƙalla mutum 16 suka rasu. A irin wannan wuri, wanda ya ɗora hoton ɗan wani a Facebook ya rubuta ɓarawo a ƙasa, bai san inda abin zai tsaya ba, kuma baƙi su ne ke fara ɗanɗanawa.

Bugu da ƙari, hoton dare baƙi da fari ne, kama kuma tana da yawa. Wanda ya wuce ta bayan shinge ba lalle shi ya yi sata ba. Saboda haka kada a tunkari kowa, kada a bi sawu da makami. A cire katin a ajiye shi yadda yake, a kwafi hotunan a wani wuri, a sanar da mai dabbobin da shugabannin ƙungiya. Ɗan ƙasa, mai gonar, shi ya fi dacewa ya kai magana gaban 'yan sanda ko dattawan ƙabila. Domin hoton ya karɓu, tilas kwanan wata da agogon kyamara su zama daidai, don haka a duba su duk lokacin da aka sake batir. Ko fuska ba ta fito ba, a lura da takalmi, da tsayin mutum, da lotsawar jikin mota, da fitilar da ta mutu, tunda lambar mota takan yi fari a hoton dare, wasu motocin ma ba su da ita.

Haka nan 'yan uwanmu na Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi, inda satar shanu ta zama ta gungun 'yan bindiga masu fitowa daga dazuzzuka irin su Rugu, su ma sai su ninka wannan taka-tsantsan. A can, in aka gane wane ne ya kafa kyamara, ransa ne a kan layi. Ɓoye ta da ɓoye sunan mai ita wajibi ne.

KIRA GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba kowane makiyayi ke iya sayen wannan na'ura ba, saboda haka ina ba rassanmu shawara uku. Ta ɗaya, maƙwabtan gonaki da masu turke a wuri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi biyu ko uku, a kafa su a mashigar da duk suke tarayya, a damƙa kularsu ga amintattu biyu, a kuma riƙa sake musu wuri lokaci-lokaci. Ta biyu, kowane reshe ya buɗe littafi na sirri a hannun sakatare, a rubuta lambar jikin kowace kyamara, mai ita kuma ya yi mata wata alama a cikin gidan batir, ya sa mata lambar sirri in tana da wurin sawa, yadda in ta ɓulla a kasuwa za a gane ta. Kada kuma ɗan ƙungiya ya sayi kyamara ta hannu wadda ba a san asalinta ba, don mai sayen kayan sata shi ke ciyar da ɓarawo. Ta uku, kowa ya ɗauki hoton dabbobinsa da rana, da shaidar da ke jikinsu, ta wuta ko ta kunne. Hoton ɓarawo yana nuna wanda ya ɗauka, shaidar jiki kuwa ita ke tabbatar da dabbar taka ce idan an iske ta a kara, dillalai kuma su ne idonmu a can.

A ƙarshe ina tunatar da mu cewa na'ura ba ta yin ihu, ba ta kora ɓarawo, ba ta gyara shinge. Kare mai kyau, da ƙofa mai ƙarfi, da makiyayin da aka biya haƙƙinsa a kan kari, da zaman lafiya da maƙwabta, su ne gadi na asali. Ita kyamara shaida ce, kuma shaidar da ake so ta kai gaban alƙali ba a nuna wa wanda ake tuhuma inda take kwana. Wanda ya riga ya kafa tasa a bakin ƙofa, ya je ya sauke ta tun kafin wani ya sauke masa.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya kare mu daga zargin da ba mu ji ba ba mu gani ba, Ya shiryi masu wannan mugun hali, Ya kuma mayar da kowane matafiyi gida lafiya.